Abin da Hodar Iblis Ke Mayar da Ƙwaƙwalwa Bayan Shekaru

Mutumin da ya yi shekara biyar ko goma yana ta'ammali da hodar iblis, in ya saki jiki da likita, yakan faɗi magana biyu da mai sauraro zai ɗauka suna karo da juna. Ta farko, ba ya jin daɗinta kamar da, wani lokacin ma babu abin da yake samu sai faɗuwar gaba da zargin mutane. Ta biyu, ya kasa barinta. 'Yan uwa in sun ji haka sai su ce ƙarya yake yi, ko kuwa taurin kai ne kawai. Alhali duka biyun gaskiya ne, kuma kowacce ana iya nuna inda take zaune a cikin ƙwaƙwalwa.

Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Tsakanin ɗaya da 'yar uwarta akwai ɗan rata, kuma saƙo yana ƙetare wannan ratar ne da sinadari. Ɗaya daga cikin sinadaran shi ne dofamin, wanda wasu ƙwayoyi da ke can ƙasan tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fesawa a wata cibiya da ake kira nukiliyos akumbens, da kuma gaban ƙwaƙwalwa, wato sashen da ke bayan goshi. Mutane sun saba kiransa sinadarin jin daɗi, amma aikinsa ya fi kusa da na mai sa alama: duk abin da ya zo tare da shi, ƙwaƙwalwa takan rubuta cewa wannan abu yana da muhimmanci, a tuna inda aka same shi, a sake nema. Da zarar saƙon ya isa, akwai wasu ƙananan famfuna a jikin ƙwayar da ta fesa, su ne ke zuƙe dofamin ɗin su mayar ciki don a rufe maganar. Hodar iblis waɗannan famfuna take toshewa. Sai dofamin ya taru a ratar yana ta buga ƙofa ba mai kwashe shi. Haka take yi wa famfunan wasu sinadaran saƙo biyu, noradiranalin da serotonin, kuma na noradiranalin ɗin ne ke jawo hawan jini, gudun zuciya, buɗewar ƙwayar ido da tsukewar jijiyoyin jini.

Nora Volkow da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka sun auna wannan a jikin mutane da na'urar hoto ta PET. A 1997 suka nuna cewa sai an toshe aƙalla kashi 47 cikin ɗari na famfunan kafin mutum ya ji maye, kuma adadin da masu sha suka saba ɗauka yana toshe kashi 60 zuwa 77. Amma yawan toshewar ba shi kaɗai ne magana ba, saurinta ma magana ce. Wanda ke tauna ganyen koka, wanda daga shi ake yin hodar, a tsaunukan Peru da Bolibiya, sinadarin a hankali yake shiga jininsa. Wanda ya shaƙa ta hanci, mayen yakan kai minti 15 zuwa 30. Wanda ya zuƙi hayaƙin dunƙulalliyar da ake kira kirak, cikin daƙiƙoƙi take isa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 5 zuwa 10 ta sake shi. Iya saurin hawa da sauka, iya ƙarfin darasin da ƙwaƙwalwa ke ɗauka, shi ya sa mai zuƙar hayaƙi da mai allura suka fi saurin kamuwa, suka fi kwana suna maimaitawa har kuɗi ko hodar su ƙare. Ba kowane mai ɗanɗanawa ke kamuwa ba: wani ƙiyasi daga Amurka a 2002 ya nuna kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari sukan kamu a shekarar farko, kashi 15 zuwa 16 kuma cikin shekara goma.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama ta zuba ido ana yi mata ambaliya. Abu na farko da take yi shi ne rage makarɓan dofamin, wato ƙofofin da saƙon ke bugawa a jikin ƙwayar da ke karɓa, musamman nau'in da ake kira D2, kamar wanda hayaniya ta dama ya toshe kunne. Hotunan Volkow na farkon shekarun 1990 sun nuna ƙarancin waɗannan makarɓa a masu jarabar hodar, kuma ƙarancin yana nan wata uku zuwa huɗu bayan sun daina. An kuma ga cewa yawan dofamin da ƙwaƙwalwarsu ke iya fesawa ma ya ragu. Michael Nader na jami'ar Wake Forest ya bi diddigin abin a birai, inda ake iya ɗaukar hoto kafin a fara da bayan an fara. Cikin mako ɗaya da fara sha makarɓan suka ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Da aka janye hodar bayan shekara guda, wasu biran sun farfaɗo cikin wata uku, wasu kuwa har shekara ta zagayo ba su dawo ba.

Matsalar ita ce kunnen da aka toshe ba hayaniyar hodar kaɗai ya daina ji ba. Abinci, hira da iyali, cinikin da ya yi riba, kusantar miji da mata, dariyar ɗa, duk ta wannan hanya suke shiga, kuma muryarsu ba ta kai ta hodar ƙarfi ba. Sai duniya ta yi wa mutum lami. A lokaci guda kuma ɓangaren fargaba na ƙwaƙwalwa, wanda George Koob ya daɗe yana nazari a kai, yakan ƙara ƙarfi: sinadarin tashin hankali da ake kira CRF yana ƙaruwa a kewayen amigdala, cibiyar tsoro ta ƙwaƙwalwa, wani kuma mai suna dainofin yana ƙara danne dofamin. Daga nan dalilin sha ya juya. Da can don a ji daɗi ne, yanzu don a samu sauƙin ƙunci na 'yan mintuna ne. Wannan shi ne bayanin magana ta farko.

Magana ta biyu ta fi tsawo, kuma ita ce iyalai suka fi kasa fahimta.

Duk lokacin da dofamin ya tashi, ƙwaƙwalwa tana haɗa shi da abin da ke kewaye: ɗakin, abokin, warin wurin, ƙarar shigowar kuɗi a waya, daren Juma'a, har da ɓacin ran da ya gabaci shan. Bayan ɗaruruwan maimaici, waɗannan abubuwa su kaɗai sun isa su tayar da dofamin tun ba a ga hodar ba. Anna Rose Childress ta jami'ar Pennsylvania ta nuna a 1999 cewa bidiyon masu sha kawai yana kunna amigdala a ƙwaƙwalwar mai jaraba. A 2008 ta ƙara matsawa: aka riƙa walƙa musu hotunan kayan sha na kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, saurin da mutum ba zai san ya ga komai ba, amma cibiyoyin kwaɗayi suka amsa. Ma'ana, in mai fama ya ce "ban san abin da ya taso min ba", sau da yawa gaskiyarsa ya faɗa. Wani abu ya gifta ta gefen idonsa, jiki ya ɗauka, hankali bai samu labari ba sai da ƙishirwar ta kama.

Wannan koyo yana da gurbi na zahiri. Terry Robinson da Bryan Kolb sun ga ƙarin ƙananan tsiro a rassan ƙwayoyin jijiya na ɓerayen da aka ba hodar, wato ƙarin mahaɗa, kuma suna nan bayan an daina ba su. Eric Nestler ya gano wani furotin, DeltaFosB, da ke taruwa a cikin ƙwayoyin yana canza irin umarnin gadon da ake karantawa, kuma ba ya narkewa sai bayan makonni. Peter Kalivas ya nuna cewa tsarin kwashe gulutamet, sinadarin da gaban ƙwaƙwalwa ke aika umarni da shi, yana lalacewa, ta yadda ƙaramar alama takan zo da ƙarar da ta fi ƙarfinta. Barry Everitt da Trevor Robbins na Cambridge kuma suka bayyana yadda ragamar aikin ke ƙaura daga sashen da ke auna lada zuwa sashen da ke riƙe da sabo, wanda ke sa direban da ya ƙware ya canza giya ba tare da ya yi tunani ba. Sabo ba ya tambayar ko abin na da daɗi. An ce sabo turken wawa, to a nan turken a cikin tsokar ƙwaƙwalwa aka kafa shi.

Wanda ya kamata ya ja birki shi ne gaban ƙwaƙwalwa. Nan ake auna gobe da yau, nan ake riƙe lambar waya a ka har a rubuta, nan ake tsayar da hannun da ya riga ya miƙa. Kuma nan ne hodar ta fi yi wa ɓarna. Hotuna sun nuna raguwar aiki a sashen da ke saman kwarmin ido da wanda ke lura da kuskure, kuma raguwar tana tafiya tare da ƙarancin makarɓan D2. Karen Ersche ta Cambridge ta kwatanta masu jarabar hodar 60 da masu lafiya 60 a 2012. Kowa ƙwaƙwalwarsa na raguwa da shekaru, amma masu lafiya suna rasa kimanin mililita 1.69 na sashe mai ruwan toka, inda ƙwayoyin jijiya suka taru, a shekara, masu jaraba kuwa 3.08, kusan ninki biyu, kuma gaba da gefen ƙwaƙwalwa ne suka fi zaizayewa. A Zurich ta ƙasar Suwizalan, gwajin da ƙungiyar Boris Quednow ta yi ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na masu jaraba suna da raunin tunani da ya kai a kira shi cuta, musamman wajen mai da hankali da riƙe abu a ka na ɗan lokaci. A aikace, shi ne ɗan kasuwan da lissafi ya fara kuɓuce masa, ma'aikacin da ake faɗa masa abu uku ya riƙe ɗaya, mutumin da ya yi rantsuwa da safe da zuciya ɗaya ya karya ta da la'asar.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi a nan, don kada a ɗora wa hodar komai. Ersche ɗin dai, a wannan shekarar, ta ɗauki hoton masu jaraba 50 tare da 'yan uwansu na jini da ba su taɓa kamuwa ba. Sai aka ga 'yan uwan ma suna da irin raunin a wayoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da cibiyoyin ciki, kuma su ma suna jinkiri wajen tsayar da hannu a gwaji. Ke nan wani ɓangare na raunin birkin ya riga hodar zuwa, ita kuma ta zo ta ƙara kwance shi. Wannan ya sa gidan da aka samu mutum ɗaya ya kamu ya kamata a sa ido a kan ƙannensa da kulawa, tun kafin a kai ga neman magani.

A 2016 Ersche ta sake fitar da wani sakamako da nake ganin kowane uba da ke tunanin ɗaure ɗansa ya kamata ya sani. An koya wa mutane wani aiki da za su kauce wa ɗan jan lantarki da shi. Masu jarabar hodar sun fi kowa kasa koyon kaucewar. Azaba ba ta shiga lissafinsu yadda take shiga na mai lafiya. Duka, mari a ƙafa da kulle a ɗaki suna ƙara wa ɓangaren fargaba wuta, wanda shi ne ma ke tura mutum sha, ba su kuma gyara birki ko kaɗan. Ranar da aka kwance shi, alamun nan suna nan suna jiransa a bakin titi.

Banda wannan canji na sannu a hankali, akwai ɓarnar da ke zuwa farat ɗaya ta hanyar jini. Hodar tana tsuke jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, tana ɗaga hawan jini nan take, tana kuma sa jini saurin daskarewa. Wani bincike a kan matasa da masu matsakaicin shekaru a yankin Baltimore da Washinton, wanda aka buga a 2016, ya nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya yana ninkuwa kusan sau shida cikin awa 24 bayan sha. Jijiya mai rauni kuma tana iya fashewa jini ya zuba. Ko ba a kai ga haka ba, ƙananan toshewa da ba a ji ba suna taruwa a farin sashen ƙwaƙwalwa, inda wayoyin sadarwarta suke, su ƙara rage saurin tunani. Farfaɗiya ma tana zuwa, har ga wanda bai taɓa yi ba. In an haɗa da giya, hanta takan ƙera wani sabon sinadari, kokayitilin, wanda ya fi hodar daɗewa a jini kuma ya fi ta cutar da zuciya. In an haɗa da tiramadol, wanda shi ma yana jawo farfaɗiya, an tara haɗari biyu a wuri ɗaya. Sannan abin da ake sayarwa ba tsantsa ba ne. A 2009 hukumomin Amurka sun samu lebamizol, maganin tsutsar cikin dabbobi, a kusan kashi 70 cikin ɗari na hodar da suka kama. Yana karya fararen ƙwayoyin jini, yana ruɓar da fatar kunne da hanci, yana kuma iya cinye rufin wayoyin ƙwaƙwalwa.

Zargi da tsarguwa kuwa kusan abokan tafiya ne. Bincike biyu na 1991 sun samu kashi 53 da kashi 68 cikin ɗari na masu jaraba sun taɓa shiga wannan hali: leƙen taga, jin ana bin su, jin muryoyi, ko jin ƙwari na yawo a ƙarƙashin fata har su yi ta susa su ji wa kansu ciwo. Yawanci yakan lafa cikin awoyi ko 'yan kwanaki bayan an daina. Abin lura shi ne, yayin da daɗin ke raguwa da daɗewa, shi zargin ƙaruwa yake yi, yana zuwa da wuri kuma da ɗan kaɗan. In ya wuce mako ɗaya ko biyu babu sha kuma bai lafa ba, likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya duba ko akwai wata cutar a ƙarƙashi.

Ba maganar nesa ba ce gare mu. A Kolombiya, Peru da Bolibiya ake noman ganyen, amma Afirka ta Yamma hanya ce zuwa Turai, kuma kayan da ke wucewa sukan zube a hanya. A Janairun 2022 an kama kilo 214 a yankin Agadez, a Satumban shekarar kuma hukumar NDLEA ta kama tan 1.8 a Ikorodu ta jihar Legas. Ƙidayar shan ƙwayoyi ta Najeriya ta 2018 ta ƙiyasta masu ta'ammali da hodar iblis 92,000.

To in an daina, me ke faruwa, kuma yaushe? Kwanakin farko, daga awoyi zuwa kamar kwana huɗu, faɗuwa ce: barci mai yawa, yunwa, gajiya, baƙin ciki mai nauyi. Janyewar hodar ba ta kashe mutum da kanta yadda ta giya ke iya yi, amma tunanin kashe kai yana da ƙarfi a wannan gaɓa, don haka kada a bar shi shi kaɗai, kuma a tambaye shi kai tsaye. Daga nan sai makonni na rashin jin daɗin komai, saurin fushi da rashin kuzari, wanda kan kai mako goma. Barci yana yaudara a nan: Peter Morgan na jami'ar Yale ya auna masu dainawa, suna cewa barcinsu ya gyaru, na'ura kuwa tana nuna ƙara lalacewa yake yi a mako na biyu da na uku, tunaninsu ma yana ja baya tare da shi.

Sai kuma abin da ya fi kayar da mutane. A 2001 ƙungiyar Yavin Shaham ta gano cewa ɓeran da aka raba da hodar, neman da yake yi mata in ya ga alamarta ƙaruwa yake yi da kwanaki, ya fi ƙarfi a kwana 60 fiye da ranar farko. A 2016 aka ga irin haka a mutane a asibitin Mount Sinai na New York: abin da suke faɗa da baki game da kwaɗayi yana raguwa, amma amsar da ƙwaƙwalwarsu ke ba hotunan hodar ta fi ƙarfi a wata ɗaya da wata shida, sai a shekara ta sauko. Wato daidai lokacin da iyali suka ce alhamdu lillahi ya warke, aka mayar masa da mota da katin banki da tsohuwar wayarsa, lokacin ne ya fi rauni a gaban alamun. Saboda haka a tsara wata shida zuwa goma sha biyu, ba mako biyu ba. A canza layin waya. Kuɗi masu yawa su bi ta hannun wanda aka yarda da shi, da amincewar mai jinyar. A kauce wa unguwa da majalisar da aka saba. A bar giya gaba ɗaya, domin kofi ɗaya ya isa ya kwance ɗan birkin da ya fara kamawa.

Har yau babu ƙwayar magani da aka amince tana warkar da jarabar hodar iblis, duk wanda ya ce yana da allurar da ke wanke ta daga jini kuɗi yake nema. Likita zai iya maganin baƙin ciki, rashin barci ko zargi da ke tare da ita. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne tsarin lada da Stephen Higgins ya gwada a jihar Vermont a farkon shekarun 1990. Ana gwada fitsari sau uku a mako, tunda burbushin hodar yakan zauna kwana biyu zuwa huɗu, ya fi haka ga mai sha da yawa. Fitsari mai tsabta na farko yana kawo takardar sayayya ta dala 2.50, kowane na gaba a jere ana ƙara dala 1.25, in aka samu hodar kuma a koma farko. A gwajin 1994, kashi 75 cikin ɗari na masu samun ladan sun kammala mako 24 na jinya, waɗanda ba sa samu kuwa kashi 40. Dalilin aikinsa a fili yake: ƙwaƙwalwar da ba ta iya hango ladan shekara mai zuwa tana iya ganin na yau. Ana haɗa shi da zaman koyon gane alamu da shirya abin da za a yi in ƙishirwa ta taso. Tunda riƙe abu a ka ya yi rauni a watannin farko, zaman ya zama gajere, a maimaita, a rubuta, a tuna masa ranar dawowa. Wanda ya manta alƙawarin asibiti ba lallai ne ya raina jinyar ba.

Ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa, an kuma auna. Ƙungiyar Zurich ta bi masu sha na shekara guda tana tabbatar da maganarsu da gwajin gashi. Waɗanda suka ƙara sha tunaninsu ya ƙara lalacewa, waɗanda suka rage ya gyaru, waɗanda suka bari gaba ɗaya sun kusa kamo masu lafiya, sai dai waɗanda suka fara tun suna ƙanana farfaɗowarsu ta fi jinkiri. Wani nazarin hoto na 2013 ya nuna wasu sassan gaban ƙwaƙwalwa suna kamo girman na masu lafiya a wajen mako 35 da dainawa. Abin da shanyewar jiki ta kashe ba ya dawowa haka, shi ya sa alamunta da sauran alamun haɗari ba sa jira: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciwon ƙirji, zafin jiki da ruɗewa, ko farfaɗiyar da ta wuce minti biyar. A kwantar da mai farfaɗiya ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, a tafi asibiti nan take. A kuma faɗa wa likita abin da ya sha da lokacin da ya sha ko da akwai kunya, domin maganin da za a zaɓa don zuciya da hawan jini ya danganta da wannan bayanin.